Sakarin da sauran sinadaran zaƙi: shin suna taɓa ƙwaƙwalwa? Tambayoyi da amsoshi

Aikina shi ne ba masu ciwon suga da hawan jini shawara kan abinci, a nan cikin birnin Kano. Shekara da shekaru tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malama, me zan sa a shayi maimakon suga?" Yanzu ta sauya. Tun da aka fara tura wa juna labarin cewa zaƙin da ba na suga ba yana cinye ƙwaƙwalwa, da wuya a yi mako wani bai miƙo mini waya ya ce in duba masa ko gaskiya ne ba. Maganar ta shafe ni har gida. Mahaifiyata ta shekara 11 da ciwon suga, 'yar robar ƙwayar zaƙi ba ta barin jakarta. Kakata kuma ta yi shekarunta na ƙarshe cikin gigin tsufa, tana kiran mu da sunayen 'yan'uwanta da suka daɗe da rasuwa. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi kawo mini, na amsa su a wuri ɗaya.

Me ake nufi da sinadaran zaƙi?

Abubuwa ne da ke sa harshe ya ji zaƙi alhali ba su ba jiki kuzarin da suga ke bayarwa, ko su ba shi ɗan kaɗan. Babban yayansu shi ne sakarin, wanda aka gano a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka. Zaƙinsa ya ninka na suga kamar sau 300. Sai asfatam da aka gano a 1965, mai ninki 200, shi ne ake zubawa a yawancin lemon da aka rubuta wa "Diet" ko "Zero". Akwai asesulfam, shi ma ninki 200, da sukuralos da ya kai ninki 600.

Akwai kuma wani dangi daban: sobitol, zailitol da eritiritol. Su zaƙinsu bai wuce na suga ba, wasu ma ba su kai shi ba, an fi samun su a cingam, alawa marar suga da man goge baki. Sitibiya kuwa daga ganyen wani tsiro ake tatso ta, asalinsa ƙasar Faragwai.

Kowannensu da yadda jiki ke yi da shi. Asfatam yana wargajewa tun a hanji. Sakarin yana shiga jini ya fita ta fitsari kusan yadda ya shiga. Mafi yawan sukuralos wucewa yake ya fita ta bayan gida. Don haka in aka ce maka "duk guba ne" ko "duk lafiya lau ne", wanda ya faɗa bai rarrabe ba.

Ni ba na shan lemon "Diet". Ina ruwana da wannan magana?

A nan gizo yake saƙa, ɗan'uwa. A Turai da Amurka mutum da kansa yake zaɓar lemon da ba suga. A Kano sau da yawa zaƙin ne yake samun ka ba ka neme shi ba: a zobon roba, a kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, a ƙanƙarar leda da yara ke tsotsa a ƙofar makaranta, a garin lemo na ƙananan ledoji da ake kaɗawa a biki da suna, har a wasu yogot. Wasu lemukan kwalba ma da ba a rubuta musu "Zero" ba, haɗawa ake yi, suga rabi, sinadari rabi.

Wata maƙwabciyarmu da ke dafa zobon sayarwa ta taɓa haɗa shi a gabana. Ta tace zobo cike da bokitin fenti, ta zuba suga gwangwani ɗaya, sannan ta kwance wani ɗan ƙulli na farin gari, ta ɗebo da wutsiyar cokali ta kaɗa. Ta ɗanɗana, ta ƙara. Na tambaye ta nawa take sawa. Ta ce, "Anti, har sai ya yi." Ta kuma ce in da suga zalla za ta yi, ko dai ta ƙara kuɗi yara su daina saye, ko ta tashi ba uwa ba riba. Ban ga laifinta ba, neman halali take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu awo, babu rubutu a jikin roba, mai sha bai san me ya sha ba balle nawa.

Alamar da za ka iya ganewa da ita: zaƙin sakarin yana barin ɗaci-ɗaci, kamar ka lashi ƙarfe, a can maƙogwaro bayan ka haɗiye. Kuma in ya zuba a hannu ya bushe, ba ya danƙo yadda ruwan suga yake yi.

Wane bincike ne ya tayar da wannan ƙura, kuma me ya gano?

An wallafa shi a watan Satumba na 2025 a mujallar Neurology. Dokta Claudia Suemoto ta Jami'ar Sao Paulo da ke Birazil ce ta jagorance shi. Sun bibiyi mutum 12,772, ma'aikatan gwamnati, matsakaicin shekarunsu 52, har tsawon kusan shekara 8. Da farko an tambaye su dalla-dalla abin da suke ci da sha, aka ƙididdige yawan sinadaran zaƙi guda bakwai da ke shiga cikinsu: asfatam, sakarin, asesulfam, eritiritol, zailitol, sobitol da tagatos. Sannan aka riƙa yi musu gwajin ƙwaƙwalwa a farko, a tsakiya da ƙarshe: riƙe kalmomi a maimaita su daga baya, jero kalmomi da sauri cikin ƙayyadadden lokaci, da saurin fahimta.

An raba su gida uku. Masu sha kaɗan suna kan miligiram 20 a rana, masu sha da yawa kuma miligiram 191, wato kwatankwacin asfatam ɗin da ke cikin gwangwanin lemon "Diet" guda ɗaya. Sakamakon gwajin masu sha da yawa ya fi saurin raguwa da kashi 62 cikin ɗari a kan na masu sha kaɗan. Na tsakiya kuma da kashi 35.

Wannan kashi 62 shi ne ya firgita mutane, kuma shi ne aka fi juya wa fassara. Ba ana nufin sun rasa kashi 62 na hankalinsu ba. Kowa, in shekaru na tafiya, kaifin ƙwaƙwalwarsa yana ɗan ja da baya a hankali. Na waɗannan ne ya fi sauri, kuma masu binciken sun kwatanta bambancin da ƙarin tsufan shekara 1.6 a tsawon lokacin da aka bi su. Ba kuma ciwon mantuwa aka ƙirga ba, makin gwaji aka auna.

Abubuwa uku suka fi jan hankalina. An ga wannan alaƙa a waɗanda ba su kai shekara 60 ba, ba a gan ta a waɗanda suka haura ba. Ta fi ƙarfi a masu ciwon suga. Kuma cikin bakwai ɗin, tagatos kaɗai ne ba a ga komai tare da shi ba. Sukuralos da sitibiya ba sa cikin waɗanda aka duba.

Wato dai an tabbatar suna lalata ƙwaƙwalwa?

A'a, ba a tabbatar ba, su kansu masu binciken sun faɗi haka. Irin wannan bincike kallo ne daga gefe: ka ga abu biyu suna tafiya tare, amma ba ka ga wanda ya haifi wani ba. Je ka kemis ka tsaya: duk wanda ya zo sayen maganin hawan jini yana da hawan jini, amma ba maganin ne ya sa masa ba. Haka nan, wa ya fi komawa zaƙin da ba suga? Mai ƙiba, mai ciwon suga, wanda likita ya riga ya gargaɗa. Waɗannan kuwa tun asali jijiyoyin jininsu na cikin haɗari, ƙwaƙwalwa kuma da jini take rayuwa. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin irin waɗannan abubuwa da lissafi, sai dai lissafi ba ya share komai tas. Ƙari a kan haka, sau ɗaya tak aka tambayi mutanen abin da suke ci, a farkon binciken, da baki suka faɗa. Wa zai ce abincinsa bai sauya ba cikin shekara 8?

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a watsar da maganar. Da bincike ɗaya ne, da na ce a jira. Ba ɗaya ba ne.

Waɗanne ne sauran?

A 2017 mujallar Stroke ta fitar da sakamakon bibiyar mazauna garin Framingham na Amurka ta shekara 10. Masu shan lemon "Diet" kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kusan sau uku wajen samun shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya, da kuma ciwon mantuwa na Alzaima. Amma da aka sa ciwon suga da hawan jini cikin lissafi, alaƙar da mantuwa ta yi rauni, kuma waɗanda suka kamu ɗin ba su da yawa.

A 2019 wani bincike kan mata fiye da 81,000 da suka daina al'ada, shi ma a Amurka, ya nuna masu shan irin wannan lemo biyu ko fiye a rana sun fi samun shanyewar ɓarin jiki da kashi 23 cikin ɗari. A 2022 kuma, a Faransa, bibiyar mutum sama da 100,000 ta danganta asfatam da ƙarin cututtukan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa.

Dukkansu irin wancan kallo daga gefe ne, da raunin da na ambata. Amma ƙasashe uku, mutane daban-daban, yatsa na nuna wuri ɗaya, kuma a kowanne masu sha kullum ne abin ya fi shafa, ba masu kurɓa jefi-jefi ba.

Ta yaya abin da ya bi ta ciki zai kai ga ƙwaƙwalwa?

Hanyoyi uku ake zargi.

Ta farko hanji. Cikinmu cike yake da ƙananan halittu masu amfani da ke taya mu sarrafa abinci. A 2022 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ba mutum 120 gwaji na mako biyu. Waɗanda aka ba sakarin da sukuralos, waɗannan halittu sun sauya a cikinsu, kuma yadda jikinsu ke daidaita suga a jini ya taɓu, alhali abin da aka ba su bai kai iyakar da hukumomi suka halatta ba. Ba kowa abin ya shafa daidai ba, wani sosai, wani kusan babu.

Ta biyu jini. A 2023 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun nuna eritiritol yana sa jini saurin daskarewa, a 2024 suka sami irin haka da zailitol. Gudan jini in ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki, ƙananan toshewa kuma da ba a ji ba a gani ba, in sun taru, suna kawo mantuwa.

Ta uku ita ce aka fi yaɗawa a waya, kuma ita ce mafi rauni: wai asfatam yana zama guba a jiki. Gaskiya ne in ya wargaje yana fitar da ɗan metanol, wani sinadari da ke zama guba in ya yi yawa, amma abin da ke cikin gwangwanin lemo bai kai wanda ake samu a kofin ruwan tumatir ba. Sauran abubuwa biyun da yake rabuwa zuwa gare su akwai su a nama, ƙwai da madara. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi masa bita mai zurfi a 2013, ta ce a iyakar da aka sa ba ya cutar da ƙwaƙwalwa.

Malama, ina da ciwon suga. In jefar da ƙwayar in koma suga?

Don Allah Baba, kar ka yi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Illar hawan suga a jini ga ƙwaƙwalwa ba zato ba ce, sananniya ce. Mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi haɗarin ciwon mantuwa da kimanin rabi, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ƙoda, ga ido, ga gyambon ƙafa. Wani dattijo da nake gani ya karanta saƙon nan a waya, ya yar da robarsa, ya koma zuba cokali uku a shayin safe da na dare wajen mai shayin unguwarsu. Bayan mako uku ya zo yana kukan fitsarin dare da dishi-dishin ido. Da muka auna, sugansa ya kusa ninka abin da ya saba. Ranar na ji ɓacin rai sosai, ba da shi ba, da wanda ya rubuta saƙon bai ƙara layi ɗaya na gargaɗi ga masu ciwon suga ba.

Shawarata ga mai ciwon suga: ka ɗauki ƙwayar zaƙi a matsayin tsani na sauka daga suga, ba wurin zama ba. Mai sa uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya. Lemon "Zero" ya zama na ranar biki, ruwa ya zama na kullum. Kada ka taɓa maganinka sai da likitanka.

Abu ɗaya kuma da nake so kowane gida ya sani: in suga ya faɗi, mutum ya fara karkarwa, gumi, jiri ko sambatu, sinadarin zaƙi ba zai tashe shi ba. Suga na gaske ake ba shi, ko zuma, ko lemo mai suga, muddin yana iya haɗiya. Wannan ya fi faruwa ga masu allurar insulin da masu shan wasu ƙwayoyin, musamman da azumi.

Nawa ne ya yi yawa?

Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa da yawa daga cikinsu iyaka gwargwadon nauyin mutum. Asfatam miligiram 40 ga kowane kilo a rana, sukuralos 15, sakarin 5. Mai kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 na lemon asfatam a rana kafin ya tsallake.

Sai dai a lura da abu biyu. Masu "sha da yawa" a binciken Birazil suna kan miligiram 191 ne kawai, nesa ƙwarai da waccan iyaka. Ita iyakar an fi gina ta ne kan gwajin guba a dabbobi, ba kan bibiyar kaifin ƙwaƙwalwar mutum na shekaru ba. Na biyu, lissafin da nauyi yake tafiya. Yaro mai kilo 20 iyakarsa ta sakarin miligiram 100 ce, kashi ɗaya cikin goma na giram. Ka tuna wutsiyar cokalin maƙwabciyata, ka tuna yaron da zai sha ƙanƙara uku da zobo biyu a rana ɗaya cikin zafin Afrilu.

Me hukumomi suka ce? An hana su ne?

Ba a hana ba. A Najeriya NAFDAC ce ke sa ido kan abin da kamfanoni ke zubawa a abinci da abin sha. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi don rage ƙiba, domin ba a ga suna rage ta a tsawon lokaci ba, kuma ta ce shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. A watan Yuli na shekarar, sashenta mai binciken ciwon daji, wato kansa, ya sa asfatam a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo kansa, bisa hujja mai rauni, iyakar miligiram 40 kuma aka bar ta yadda take.

Suna sa ciwon kai?

Wasu mutane suna cewa asfatam na tayar musu da shi, musamman masu ciwon ɓarin kai. Gwaje-gwaje sun saɓa wa juna. In kana zargi, bar shi mako biyu ko uku ka gani.

To zuma, dabino da mazarƙwaila fa? Ai su na Allah ne.

Zuma Alƙur'ani ya ambace ta da waraka, dabino kuma da shi muke buɗa-baki bisa sunna, babu mai ja da darajarsu. Amma zuma kusan kashi 80 cikin ɗari suga ce, busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne da aka dafa ya daskare. Duk suna ɗaga suga a jini. Dabino ɗaya zuwa uku da buɗa-baki daban, kunun aya da aka niƙa da rabin mudun dabino daban.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa, har da zuma, kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 da aka yi da suga zalla tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya.

Sitibiya ba ta ɗaga suga, kuma ba ta cikin waɗanda binciken Birazil ya duba. Amma a karanta jikin kwalin, domin da yawa ana cakuɗa ta da eritiritol don ta yi auki. Jariri kuma da bai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Yara da masu juna biyu fa?

Yaro ba shi da buƙatar sinadarin zaƙi ko kaɗan, kuma harshen da aka saba wa zaƙi mai ƙarfi tun yana ƙarami, da wuya ya yarda da gwanda ko kankana daga baya. Mai juna biyu gara ta nisanci sakarin, domin yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi. In tana da sugan ciki, ta tambaya a wurin awo kafin ta zaɓi wani.

Akwai kuma wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda jikin mai ita ba ya iya sarrafa fenilalanin, ɗaya daga abubuwan da ke cikin asfatam. Ga irin waɗannan, asfatam na cutar da ƙwaƙwalwa tabbas, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kwalba.

Yaya zan gane a jikin kwalba ko leda?

Juya bayanta ka nemi jerin kayan haɗi. Wani lokaci suna ake rubutawa, wani lokaci lamba, da harafin E a gaba ko babu: 950 asesulfam, 951 asfatam, 952 saikilamet, 954 sakarin, 955 sukuralos, 960 sitibiya, 420 sobitol, 967 zailitol, 968 eritiritol. In za ka saro katan na garin lemo a Singa ko Sabon Gari don biki, duba wannan, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Farin garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, ni ba na ba kowa shawarar ya kai shi gidansa.

Ina yawan mantuwa kwanan nan. Zaƙin da na sha ne?

Da wuya ya zama shi ne. Mai shekara 30 ko 40 da ke manta inda ya ajiye makulli, a fara duba barcinsa, damuwarsa, ƙarancin jini, da magungunan da yake sha. Mantuwar da ke buƙatar likita ita ce mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya, ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara 30 yana bi, ya rikice a lissafin kuɗin da ya saba, ko halinsa ya sauya.

Lokacin kakata mun daɗe muna cewa tsufa ne, wasu dangi suna cewa sammu. Ba wanda ya auna jininta sai da abin ya yi nisa, ashe hawan jini ya daɗe yana cin ta. Har yau ina tuna wannan. A kai dattijo asibiti da wuri, a yi addu'a a kuma yi awo. A Kano akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jiran gobe ba ne, a tafi a lokacin.

In ina son kare ƙwaƙwalwata, daga ina zan fara?

Ba daga ƙwayar shayi ba. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa a duniya. Sinadaran zaƙi ba sa cikinsu. Akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, yawan kitse a jini, taba, giya, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, ciwon damuwa, kaɗaici da ƙarancin karatu.

Kowanne da kamanninsa a garin nan. Hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba. Dattijon da ya daina zama a majalisa saboda ba ya jin abin da ake faɗa. Yanar ido da aka ƙi cirewa. Hawa babur ba hular kwano. Hayaƙin itace a rufaffen kicin da na janareta a tsakar gida. Wanda ya auna jininsa wannan watan, ya taka da ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa, ya kai mahaifinsa a duba masa kunne, ya yi wa ƙwaƙwalwa aikin da ya fi sauya abin da yake sa wa shayi.

Ina sana'ar zobo da kunun aya. Ya zan yi?

Yar'uwa, ba zan ce ki bar sana'arki ba. In za ki sa, ki sayi wanda ke da suna da lamba a jiki, ki auna da abu ɗaya kullum, ki daina "har sai ya yi". Ki rage shi ki ƙara ƙamshi: citta, kanumfari, na'a-na'a, ɓawon abarba da aka wanke aka dafa tare da zobon. Iyayenmu da busasshen dankalin Hausa suke zaƙaƙa kunun zaƙi. Kuma in mai saye ya tambaye ki me kika sa, ki gaya masa gaskiya, wataƙila mai ciki ce za ta sha, ko mai ciwon suga. Na san masu neman zobo marar zaƙi sosai suna rasawa, ki gwada yin 'yan robobi daban ki gani.

Ke ya kika yi da mahaifiyarki?

Ban karɓe robar ba. Da na yi haka, da ta aika a sayo mata wata, ko ta koma suga a ɓoye. Ƙwaya uku take jefawa a kofi, sau uku a rana. Muka yi da ita za ta rage ɗaya, ta zauna a haka mako biyu. Kwanakin farko ta yi ta mita, ta ce na mayar mata da shayi ruwan zafi. Na fara dafa mata shi da citta da kanumfari da ɗan kirfa, na daina kawo lemon "Zero" gidan sai in an yi baƙi, na sa tulun ruwa kusa da gadonta. Da azumi muka koma buɗa-baki da dabino biyu da ruwa, sai zobon gida mai tsami-tsami.

Yanzu ƙwaya ɗaya take sawa a shayin safe, na dare ba ta sa komai. Kwanan baya aka kawo mata zobon roba daga gidan suna, ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini, ta ce, "Karɓi, wannan zaƙin har maƙogwaro."